Matasan da Ke Tsare Suna Kashe Gobarar Daji a Kalifoniya: Gyaran Hali ne ko Ƙwadago Mai Arha?

A watan Janairun 2025, lokacin da gobarar Palisades da ta Eaton suka afka wa unguwannin Los Angeles, suka hallaka kimanin mutum 30 tare da ƙona gine-gine sama da 16,000, masu kallon labarai sun ga ayarin ma'aikata iri biyu a kan tsaunukan da ke kewaye da birnin. Akwai masu sanye da rawayen kaya, wato ƙwararrun 'yan kwana-kwana da ke karɓar albashi, akwai kuma masu sanye da kaya ruwan lemo, waɗanda fursunoni ne da aka ɗebo daga sansanonin jihar Kalifoniya. Adadin waɗannan na biyun ya haura 1,000 a kwanakin da wutar ta fi ƙamari, kuma a cikinsu akwai matasa daga sansanin Pine Grove, waɗanda da dama daga cikinsu sun shiga hannun hukuma ne saboda laifukan da suka aikata tun ba su kai shekara 18 ba. Ganinsu a bakin wuta ya sake tayar da muhawarar da ta daɗe tana ci a Amurka, game da ko ya halatta gwamnati ta tura matashin da take tsare da shi aikin da zai iya cin ransa, a kan ladan da bai taka kara ya karya ba, ta kuma kira hakan gyaran hali.

Pine Grove yana gundumar Amador ne, a gindin tsaunukan Sierra Nevada, gabas da birnin Sacramento. An buɗe shi a 1945, kuma shi ne sansanin kashe gobara mafi daɗewa a jihar da bai taɓa daina aiki ba. Hukumar gidajen gyaran hali ta jihar ce ke kula da tsaro da kwana da abincin matasan, ita kuwa hukumar kula da gandun daji da kashe gobara, wadda aka fi sani da CAL FIRE, ita ke horar da su tana jagorantarsu wurin aiki. Ba a kewaye wurin da doguwar katanga irin ta kurkuku ba, kuma ƙaramin wuri ne da ba ya ɗaukar fiye da kimanin mutum 100. Ya kamata a fayyace wani abu tun da wuri, domin yakan rikita masu sharhi: galibin mazauna sansanin a yau suna tsakanin shekara 18 zuwa 25 ne. Dokar Kalifoniya ta ba kotun yara damar ci gaba da riƙe shari'ar wanda ya aikata babban laifi yana yaro har ya kai shekara 25, saboda haka matashin da ke riƙe da gatari a bakin wuta yana iya zama baligi a idon dokar ƙwadago, alhali a idon kotun da ta yanke masa hukunci har yanzu yaro ne da aka ɗora wa gwamnati amanar tarbiyyarsa. Mafi yawan sarƙaƙiyar wannan batu daga wannan tagwayen matsayi ta samo asali.

Tsarin ya girmi sansanin kansa. Tun 1915 Kalifoniya take fitar da fursunoni aikin gina hanyoyi a karkara, amma Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mayar da su masu kashe gobara, domin majiya ƙarfin da hukumar gandun daji ta dogara da su sun tafi fagen daga. A 1941 aka kafa hukumar kula da matasa masu laifi ta jihar, a kan ra'ayin da ya yi tashe a wancan zamani cewa yaron birni da ya kangare zai shiryu idan aka kai shi daji, ya sha iska mai kyau, ya tashi da asuba, ya yi aikin ƙarfi. An gina sansanonin matasa a wurare irin su Ben Lomond da Mount Bullion da Washington Ridge, ita ma gundumar Los Angeles ta kafa nata tun shekarun 1930. Wato tun ranar farko manufofi biyu aka haɗa a tukunya ɗaya, buƙatar gyara yaro da buƙatar samun ma'aikata masu arha, kuma ba a taɓa zama aka tantance wacce ce za ta yi rinjaye idan suka ci karo da juna ba.

Domin a fahimci nauyin abin da ake magana a kai, dole a san yadda aikin yake. Waɗannan matasa ba su tuƙa motar kwana-kwana, ba su kuma riƙe mesar ruwa. Aikinsu shi ne yanka layi, wato share wata siririyar hanya a gefen wutar ko a gabanta, a cire duk abin da zai iya ci, ciyawa da ƙirare da saiwoyi da busassun ganye, har sai an kai ga tsurar ƙasa, ta yadda idan wutar ta iso za ta rasa abin kamawa. Manomin da ya taɓa share kewayen rumbunsa kafin hunturu don kada wutar daji ta lashe masa hatsi ya san hikimar, sai dai a nan ana yin ta ne a kan gangaren tsauni, cikin hayaƙi, wani lokaci wutar na 'yan taku kaɗan daga mai aikin. Ayari ɗaya yakan ƙunshi mutum 12 zuwa 17 ƙarƙashin kyaftin guda na hukumar kashe gobara, kuma suna tafiya ne a jere bisa tsari tsayayye. Masu zarto mai inji ne a gaba suna sare bishiyoyi da ƙaya, masu kwashewa na biye da su suna jefar da abin da aka sare, sai masu gatarin da ake kira Pulaski, wanda gefe ɗaya gatari ne ɗaya gefen fartanya, suna tumɓuke saiwoyi, daga baya kuma masu manjagara suna kankare ƙasa. Kowa yana goye da jaka mai nauyi da ruwa da abinci da ɗan tantin kariya da ake shiga idan wuta ta yi wa mutum ƙawanya. A babbar gobara ana iya yin awa 24 ana aiki kafin a samu hutun awa 24, kuma ana iya shafe makonni ba a koma sansani ba.

Irin wannan ayari ne ake turawa inda katafila ba ta iya hawa, inda mota ba ta da hanya. Shi ya sa jami'an kashe gobara ke cewa jirgin sama yana rage wa wuta kaifi ne kawai, amma masu yanka layi ne ke tsayar da ita.

Idan babu gobara, aiki ba ya tsayawa. Matasan kan fita kusan kullum su share ciyayi a gefen hanyoyi da kewayen garuruwa, su rage cunkoson bishiyoyi, su gyara wuraren shaƙatawa da filayen makarantu, su cika buhunan yashi idan ambaliya ta taso. Wannan shi ne kaso mafi yawa na lokacinsu, kuma ƙananan garuruwan da ke kusa da sansanonin suna amfana da shi ƙwarai, domin aiki ne da da sun biya 'yan kwangila kuɗi masu yawa a kansa.

Batun lada shi ne abin da ya fi jan hankalin jama'a. A lokacin gobarar Los Angeles, fursunan da ke cikin ayari yana samun tsakanin dala 5.80 zuwa dala 10.24 a rana gwargwadon matakinsa, sai ƙarin dala 1 a kowace awa idan yana bakin wuta, kuma ba da daɗewa ba kafin nan kuɗin ranar rabin haka ne. Ma'ana wanda ke matakin ƙasa, idan ya yi awa 24 cur yana fama da wuta, zai tashi da dala 29.80. A shekarar 2025 mafi ƙarancin albashi a Kalifoniya dala 16.50 ne a awa, don haka mai wanke kwanuka a gidan abinci yana samun fiye da wannan cikin awa biyu. An sha ƙiyasta cewa tsarin yana rage wa jihar kashe kuɗin da ya kai dala miliyan 100 a shekara, kuma akwai shekarun da fursunoni suka kai kusan kashi 30 cikin 100 na masu yaƙi da gobarar daji a jihar.

Abin da ya halatta wannan a doka tsohon sharaɗi ne. Gyara na 13 da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1865 ya haramta bauta da aikin tilas, amma ya keɓe wanda aka yanke wa hukunci, inda ya yarda a yi amfani da aikin a matsayin horo. Bayan yaƙin basasar Amurka, jihohin kudu sun yi amfani da wannan ƙofa wajen kama baƙaƙen fata da ƙananan laifuka suna ba da hayarsu ga masu gonaki da ma'adinai, kuma wannan tarihi ne ya sa duk lokacin da aka ga fursunoni, waɗanda yawancinsu baƙaƙe ne da 'yan asalin Latin Amurka, suna aiki a kan 'yan kuɗi kaɗan, sai tsohon miki ya motsa. Jihohi da dama sun goge irin wannan sharaɗi daga kundinsu, Kolorado a 2018, Yuta da Nebraska a 2020, Alabama da Oregon da Tenesi da Bamont a 2022, sai Nebada a 2024. A ranar da Nebada ta amince, masu zaɓe a Kalifoniya suka ƙi irin wannan ƙudiri, wanda aka gabatar musu a matsayin Shawara ta 6, duk da cewa jihar ta yi suna da sassaucin ra'ayi. Sharaɗin ba baƙon abu ba ne a wasu ƙasashe, domin sashe na 34 na kundin Najeriya na 1999 shi ma ya fitar da aikin da hukuncin kotu ya wajabta daga ma'anar aikin tilas, kamar yadda yarjejeniya ta 29 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1930, ta yi da wasu sharuɗɗa.

Hukumomin Kalifoniya suna da amsa a shirye, ita ce ba a tilasta wa kowa zuwa sansani. Wannan gaskiya ne. Mutum ne ke nema da kansa, ana tantance lafiyarsa da halinsa, ana cire wanda ya taɓa tada gobara da gangan ko ya yi laifin fyaɗe ko ya taɓa tserewa, kuma masu nema sun san akwai haɗari. Sai dai ingancin amincewa yana rataye ne a kan abin da aka ajiye a ɗaya gefen sikeli, kuma a nan ne hujjar ta fara rauni. Matashin da ya ƙi sansani ba gida zai koma ba. Zai zauna ne a kulle a gidan tsare matasa, kuma tarihin waɗannan gidaje a Kalifoniya ba abin alfahari ba ne. A tsakiyar shekarun 1990 hukumar matasa ta jihar tana tsare da kimanin mutum 10,000, kuma ƙarar da aka shigar a kanta a farkon shekarun 2000 ta bankaɗo duka da tsarewar kaɗaici na tsawon lokaci da koyar da wasu yara karatu a cikin keji. Ko a 2023, hukumar sa ido ta jihar ta yanke cewa manyan gidajen tsare yara biyu na gundumar Los Angeles ba su cancanci a ajiye yara a cikinsu ba. Wanda aka ba zaɓi tsakanin irin wannan wuri da sansanin da babu katanga, da abinci mai kyau, da damar zama da iyayensa a fili idan sun zo ziyara, ba sai an matsa masa ba. Ga kuma rangwamen wa'adi: yawancin manyan fursunonin da ke sansani ana rage musu kwana biyu a kan kowane kwana ɗaya da suka yi, su kuwa matasan da ke ƙarƙashin kotun yara, alƙali yana duba ci gabansu duk wata shida kuma yana da ikon rage musu zama. Idan 'yanci ne ladan, mutum zai yarda da haɗarin da ba zai taɓa yarda da shi don kuɗi ba, kuma zai yi wuya ya buɗe baki ya ce wa kyaftin wannan gangaren ya yi haɗari, ko ya ce ƙirjinsa na ciwo, tunda ya san ana iya mayar da shi inda ya fito.

Akwai wani saɓani da ya fi wannan damuna. Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Roper ta 2005 da ta haramta hukuncin kisa a kan laifin da aka aikata kafin shekara 18, da shari'ar Miller ta 2012 da ta hana ɗaurin rai-da-rai na dole ga yara, ta dogara ne a kan cewa matashi bai gama nuna ba, yana da gaggawa, ba ya auna haɗari yadda babba ke yi, kuma tsara suna saurin jan ra'ayinsa. Ita kanta Kalifoniya ta tsawaita wasu sassauce-sassauce har zuwa shekara 25 bisa binciken da ya nuna ƙwaƙwalwa na ci gaba da ginuwa zuwa tsakiyar shekarun ashirin. To, idan wannan dalili ya isa a sassauta wa matashi hukunci, bai kamata a manta da shi ba a ranar da aka miƙa masa takarda ya sa hannu cewa ya yarda ya tunkari wuta. Za a iya cewa ɗan shekara 18 yana shiga soja, yana kuma shiga aikin kwana-kwana, kuma haka ne, amma shi wannan yana da cikakken albashi, yana da ƙungiyar ƙwadago ko wasu haƙƙoƙi da doka ta tsare masa, kuma ya zaɓa ne yana da wasu hanyoyi a gabansa.

Haɗarin kuwa ba zato ba ne. A watan Agustan 1968, a tsaunukan da ke kusa da Glendora a gundumar Los Angeles, wuta ta rutsa da wani ayari daga sansanin yara masu laifi, ta kashe samari bakwai tare da shugaban ayarinsu. A watan Fabrairun 2016, Shawna Jones, fursuna 'yar shekara 22, ta rasu bayan dutse ya gangaro ya buge ta a kai tana aikin kashe wuta a Malibu, saura 'yan makonni a sake ta. Wani bincike da mujallar Time ta wallafa a 2018, bisa bayanan hukuma na shekara biyar, ya gano cewa fursunoni masu kashe gobara sun ninka ƙwararru fiye da sau huɗu wajen samun raunuka irin su yanka da karaya, sun kuma ninka su fiye da sau takwas wajen cutuwa da shaƙar hayaƙi, ko da yake ƙwararrun sun fi su yawan ƙuna. Wannan bambanci yana da nasaba da irin aikin da aka ware musu, amma hakan bai rage nauyinsa ba. Hayaƙin ma ya fi tayar da hankali a kan matasa, domin illarsa ga huhu da zuciya takan ɗauki shekaru kafin ta bayyana, lokacin da mutum ya daɗe da barin hannun hukuma kuma babu mai bibiyar lafiyarsa. A 2022 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin kashe gobara cikin ayyukan da aka tabbatar suna haddasa cutar.

Game da waɗanda ba su kai 18 ba, dokar tarayya ta fito fili: tun 2010 ƙa'idojin ƙwadago na Amurka suka lissafa kashe gobarar daji cikin ayyuka masu haɗari da aka hana ɗaukar yara, kuma ƙasar ta rattaba hannu a yarjejeniya ta 182 ta 1999 da ta haramta munanan nau'o'in aikin yara. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 kan yaran da aka tsare, waɗanda aka fi sani da ƙa'idojin Habana, sun ƙara da cewa duk kariyar da dokar ƙwadago ta ba yaro a waje tana aiki a kansa a tsare, ya cancanci lada na adalci, kuma ba a fifita ribar hukuma a kan tarbiyyarsa. A kan wannan ban ga abin jayayya ba. Aikin da aka hana a ba ɗan maƙwabci saboda haɗarinsa, bai zama halal a kan wani yaro don kawai yana hannun gwamnati ba.

Duk da haka, wanda ya tsaya a nan bai yi wa batun adalci ba, domin da yawa daga waɗanda suka yi rayuwar sansani su ne suka fi kowa kare shi. Suna ba da labarin cewa a nan ne karon farko da wani babba ya damƙa musu amana, karon farko da baƙo ya tsayar da su a hanya ya yi musu godiya. A cikin kurkukun Kalifoniya rarrabuwar ƙabila da ta gungun 'yan daba ce ke tsara wanda za ka ci abinci da shi, amma a kan layin wuta rayuwar mai zarto tana hannun mai kwashe masa rassa, ko daga wace unguwa ya fito. Matashin da ya taso ana kiransa matsala, ya wayi gari ya ga garin da hannunsa ya tsare bai ƙone ba, ya samu wani abu da ba a samu a aji ko a ɗakin nasiha. Ina ganin wannan amfani na gaske ne, kuma masu kiran a rufe sansanonin baki ɗaya suna bukatar su faɗi inda matasan za su koma, tunda amsar a yau ita ce ɗakin kulle. Jihar Washinton ta rufe sansaninta na Naselle a 2022, wanda shi ma yake horar da matasa aikin gandun daji da kashe wuta. Sai dai a yi hattara da alƙaluman da ke nuna 'yan sansani ba su cika komawa laifi ba, domin tun farko masu kyakkyawan hali ake zaɓa, don haka ba a iya danganta duk nasarar ga sansanin.

Inda manufofin nan biyu, gyara matashi da samun ma'aikata masu arha, suka taɓa cin karo a bainar jama'a shi ne 2014. Bayan Kotun Ƙoli ta umarci Kalifoniya a 2011 ta rage cunkoson gidajen yarinta, lauyoyin ofishin babbar lauyar jihar sun shaida wa kotu cewa faɗaɗa rangwamen wa'adi ga wasu fursunoni zai rage yawan masu zuwa sansanonin kashe gobara a lokacin da jihar ke fama da fari. Kamala Harris, wadda ke riƙe da ofishin a lokacin, ta nesanta kanta da hujjar, kotu ma ba ta karɓe ta ba, amma an riga an furta abin da ake ɓoyewa. A 2020, da annobar korona ta sa aka saki dubban fursunoni, jihar ta shiga lokacin gobara mafi muni da ƙarancin ayari, kuma a ƙarshen shekarar aka rufe sansanoni takwas, aka bar 35. A shekarar ce kuma aka zartar da dokar rushe sashen shari'ar matasa na jihar, aka mayar da nauyin tsare su ga gundumomi, har aka rufe manyan gidajensa a ƙarshen watan Yunin 2023. Pine Grove kaɗai aka bari. Ana iya fassara wannan da cewa shi ne ya fi kowane gida amfani ga matasa, ana kuma iya fassara shi da cewa shi ne kaɗai ke samar wa jiha abin da take buƙata, kuma babu mamaki duka biyun gaskiya ne. Abin tsoro shi ne, yayin da ɗumamar yanayi ke tsawaita lokacin gobara, bayan wutar da ta kashe mutum 85 a garin Paradise da kewayensa a 2018 da ta Dixie da ta cinye kusan eka miliyan ɗaya a 2021, buƙatar jiha za ta ci gaba da girma a daidai lokacin da yawan waɗanda ake tsarewa ke raguwa.

Hanya mafi sauƙi ta gane wace manufa ce ke jan ragama ita ce duba abin da ke faruwa bayan an saki mutum. Shekaru da dama, wanda ya yi lokutan gobara uku ko huɗu yana yanka layi yakan fito ya tarar ƙofar aikin a rufe. Yawancin hukumomin kashe gobara na birane, waɗanda su ne ke biyan albashi mai tsoka, suna neman shaidar ƙwarewa a agajin gaggawa na lafiya, dokar jihar kuwa ta hana ba da wannan shaida ga wanda aka samu da manyan laifuka biyu, ko wanda bai cika shekara 10 da fitowa daga ɗaurin babban laifi ba. Matasan da kotun yara ta hukunta suna da ɗan sauƙi, tunda doka ba ta ɗaukar hukuncin wannan kotu daidai da na manya, amma goge tarihin manyan laifuka yana da wahala, kuma masu ɗaukar aiki suna bincike. An fara gyara a hankali. A 2018 aka buɗe cibiyar horo ta Ventura, inda tsofaffin 'yan sansani ke yin wata 18 suna ƙara ƙwarewa, a 2020 kuma Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar AB 2147 da ta ba su damar roƙon kotu ta share musu hukunci. Wasu tsofaffin 'yan sansani biyu, Brandon Smith da Royal Ramey, sun kafa ƙungiyar da ke horar da 'yan uwansu tana nema musu aiki. Amma damar roƙo kawai dokar ta bayar, alƙali na iya ƙi, kuma matashin da ya fito ba shi da lauya, ba shi da mota, ba shi da tsayayyen masauki, da wuya ya bi wannan doguwar hanya shi kaɗai.

Gobarar Los Angeles ta motsa majalisar jihar fiye da yadda shekarun ƙorafi suka yi. Ɗan majalisa Isaac Bryan ya gabatar da ƙudirin da ya fara da neman dala 19 a awa, aka yi ta ragi har aka tsaya a dala 7.25, wato mafi ƙarancin albashi na tarayya wanda bai canza ba tun 2009, kuma gwamna ya sa masa hannu a watan Oktoban 2025. A sabon lissafi, awa 24 a bakin wuta ta koma dala 174. Ci gaba ne babba, kuma ga matashi yana iya zama kuɗin haya da na waya a watannin farko bayan fitowa, lokacin da aka fi komawa laifi. Sai dai ƙarin ya shafi lokacin gobara ne kawai, ya bar watannin share daji a kan tsohon farashi, kuma bai kai rabin abin da dokar jihar ta wajabta a biya kowane ma'aikaci ba.

A ganina sansani irin Pine Grove ya cancanci ya ci gaba, amma da sharuɗɗan da za su sa jiha ta daina cin riba daga tsare matashi, domin muddin ayarin tsararru ya fi na ƙwararru arha, za a samu mai son a riƙa cika shi. Kada a kai wanda bai kai 18 ba bakin wuta ko da alƙali ya yarda. A biya lada daidai da na ma'aikacin wucin gadi na hukumar kashe gobara, a ajiye wa matashin kaso mai yawa zuwa ranar fitarsa. A ba shi ikon ƙin wani aiki da ya ga ya wuce kima, ko neman ganin likita, ba tare da an mayar da shi ɗakin kulle ko an rubuta masa laifi ba. A ci gaba da duba lafiyar huhunsa shekaru bayan sakinsa a kan kuɗin jiha. Share tarihin laifi kuma ya zama abin da ke aukuwa da kansa ga duk wanda ya kammala wa'adinsa a sansani lafiya, tare da gurbin horo ko na aiki da aka tanada masa tun kafin ranar da za a sake shi.